INA DATTAWAN SAHUN GABA SUKA SHIGA?

Babu unguwar da za a shiga a garuruwan nan, daga Zariya zuwa Kano, daga Katsina har Maraɗi, da ba za a sami labarin wani dattijo ba wanda ya shafe shekara 30 ko 40 yana tsayuwa a bayan liman, kowa ya san wurinsa, har yara ba sa kuskuren shimfiɗa darduma a nan, amma aka wayi gari wurin ya koma na wani. Bai rasu ba, bai yi ƙaura ba, ba kuma kwance yake ba, domin in an leƙa zaurensa za a same shi zaune da carbi a hannu. In aka tambayi 'ya'yansa sai su ce jiki ne ya ƙi. Wasu samarin kuwa masu saurin yanke hukunci har sukan ce ai dama ibadar ta al'ada ce, shi ya sa da ƙarfi ya ƙare ta ƙare. Subhanallah!

Da dama daga cikin irin waɗannan bayin Allah abin da ya zaunar da su a gida abu guda ne, wanda ko wuƙa aka sa musu a wuya ba za su buɗe baki su faɗa wa 'ya'yansu ba: fitsari ne ya fara kuɓuce musu. Wani ɗigo ne ke biyo baya in ya gama tsarki ya miƙe. Wani in ya ji matsuwa ba ya iya kaiwa makewayi. Wani kuma tari ko atishawa ko tasowa daga sujada ne ke sa ya ji danshi a wandonsa.

Wataƙila wani ɗan uwa ya ce me ya kawo maganar fitsarin tsofaffi a shafin da aka saba karanta halin da al'umma take ciki? To ai wannan ma halin al'umma ne. Idan har mutum zai yi shekara 5 a yanke da jam'i, yana ganin kansa a matsayin najasa mai tafiya, alhali a cikin gidansa akwai saurayin da ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, yana kuma iya kwana yana muhawara a kan abin da ke faruwa a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, lalle akwai gyara a cikin karatun.

Sai an san abin da tsarki yake nufi a wurin dattijon Bahaushe kafin a gane zurfin raunin. Wannan mutum shi ne ya fara riƙa wa ɗansa buta ya koya masa yadda ake kama ruwa. Shi ne yake tsawatar wa yaro in ya gan shi yana fitsari a tsaye a jikin katanga. Ya tashi a cikin al'ummar da yaron da ke fitsarin kwance ake kiransa amalala, sa'o'insa su bi shi da waƙa har sai ya yi kuka. Duk girmansa da kwarjininsa a gida an gina su ne a kan kamewa: kame baki, kame ciki, kame jiki. Ranar da ya farka ya tarar da shimfiɗarsa a jiƙe, ba katifa kaɗai ta jiƙe ba, a ganinsa mutuncin shekara 70 ne ya zube. Daga wannan rana kuma sai ya shiga wani aiki da ya fi ciwon kansa wahala, wato aikin ɓoyewa.

Abin yakan tafi ne a hankali, shi ya sa na kusa ba sa lura. Da farko zai bar sahun gaba ya koma na baya kusa da ƙofa, don in abu ya faru ya sulale. Sannan ya fara makara da gangan don kada ya daɗe a zaune. Sai Juma'a ta gagara, saboda zaman huɗuba da cunkoso da nisan banɗaki. Sai ya daina sa fararen kaya, shi da aka sani da farar shadda. Sai turare ya yi yawa a jikinsa, kuma duk da haka in mutum ya ɗan matsa daga kusa da shi ko ya taɓa hanci saboda mura, shi a ransa ya gama yanke cewa warinsa aka ji. Daga nan majalisar yamma ta tafi, ɗaurin aure ya tafi, gaisuwar mutuwa ta tafi. In aka ce a je ƙauye duba 'yan uwa sai ya kawo uzuri, domin wa zai ce wa direban mota cike da fasinja ya tsaya sau 4 a hanya? Akwai wanda 'ya'yansa za su haɗa masa kuɗin kujerar Makka ya ce a bar shi sai baɗi, su yi ta mamaki, ba su san ɗawafi da harami a jiki yake tunani ba.

A cikin gida kuma hali ya canza. Tsohon da aka sani da fara'a ya koma mai faɗa, ba ya son a shigar masa ɗaki, ba ya son a taɓa masa wanki, wani ma da tsakar dare yake wanke wandonsa ya shanya a inda ba mai gani. Barci ya yanke, saboda tashi sau 3 ko 4 a dare da fargabar abin da za a tarar da safe. Abinci ya ragu. Magana ta ragu. Daga ƙarshe a fara jin kalmar da ake ɗauka zancen tsofaffi ne kawai: "Ni dai Allah Ya ɗauke ni in huta, kar in zama wa mutane kaya." Likitoci suna da suna ga wannan hali, shi ne ciwon damuwa, kuma binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna tsofaffin da ke fama da zubar fitsari sun fi takwarorinsu faɗawa cikinsa, ya kuma nuna mafi yawansu ba sa kai maganar gaban likita.

Tun a 1965 wani likitan tsofaffi a Birtaniya mai suna Bernard Isaacs ya lissafa abubuwa 4 da ya kira ƙattan da ke kayar da tsoho: kasa motsi, yawan faɗuwa, ruɗewar tunani, da kasa riƙe bawali ko bayan gida. Wanda ya zauna da tsoho ya san ƙattan nan hannunsu a riƙe yake da juna. Don gudun fitsari sai dattijo ya daina shan ruwa, a ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Ruwan jiki ya ƙafe, fitsarin ya yi kauri ya ƙara tayar wa mafitsara hankali, bayan gida ya ƙi fita, kai ya ruɗe. Wani kuma in ya lura maganin hawan jinin da aka ba shi yana sa shi yawan fitsari, sai ya ajiye shi a ƙarƙashin matashi ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya buɗe wa shanyewar ɓarin jiki ƙofa. Wani garin saurin zuwa makewayi cikin duhu ya yi tuntuɓe ya karye a ƙugu, kuma an san tsohon da ya karye a ƙugu ba kullum yake sake miƙewa ba.

A ƙasashen Turai da Amurka wannan lalura tana cikin manyan dalilan da ke sa iyali su kai tsohonsu gidan kula da gajiyayyu. A nan ana alfahari da cewa ba a yin haka, kuma abin alfahari ne. Amma ɗakin da aka ware a can ƙarshen gida, aka aika yaro ya ajiye kwano a bakin ƙofa ya juyo da gudu yana toshe hanci, shi ma gidan gajiyayyu ne, sai dai babu ma'aikaci ko ɗaya a cikinsa.

Abin da ya fi komai cin ran dattijo Musulmi kuwa ba wari ba ne, ba kuma jiƙewar tufafi ba. Tsoron kabari ne. Babu mai zuwa wa'azi da bai ji hadisin kaburbura biyun nan da Manzon Allah (SAW) ya wuce ya ba da labarin ana yi wa masu su azaba ba, ɗaya saboda annamimanci, ɗaya saboda rashin kiyaye kansa daga fitsari. Hadisi ne ingantacce, yana cikin Buhari da Muslim. Amma a dubi yadda ake isar da shi. Saurayi ya riƙe lasifika bayan sallar Magariba, ya ɗaga murya, ya siffanta ƙuncin kabari har jikin kowa ya yi sanyi, ya sauka bai ƙara kalma ɗaya ba a kan wanda abin ya fi ƙarfinsa. A cikin masu saurare kuwa akwai tsoho da ke zaune da tsumma a cikin wando. Wannan bawan Allah zai koma gida da yaƙinin cewa shi aka siffanta, cewa sallolinsa na shekarun nan duk sun tashi a banza, kuma kabarin da yake hange kusa ramin azaba ne. Wane ɗan Adam ne zai kwana da wannan tunani kullum hankalinsa ya zauna daidai? Hadisin yana magana ne a kan mai sakaci, wanda yake da ikon tsarkaka ya ƙi. Mai wa'azin da ya kawo rabin mas'ala ya bar rabi ya yi ɓarna, ko da niyyarsa alheri ce.

Alhali malaman fiƙihu sun gama da wannan babi tun ƙarnuka masu yawa, suna kiransa salasul bauli. A mazhabar Malikiyya, wadda da littattafanta aka yi renon mafi yawan mutanen ƙasar nan, idan fitsari yana fita da kansa ba da son mutum ba, ya kuma lazimce shi rabin lokaci ko fiye, to ba ya warware alwala. Sai dai an so ya sabunta ta ga kowace salla in babu wahala, kamar a lokacin tsananin sanyi. Idan kuwa lokacin da yake ɗaukewa ya fi yawa, to yana warwarewa, sai ya sake alwala ya yi sallarsa. Game da abin da ya taɓa jiki da tufa nan ma an yi rangwame: wanda abin ke zo masa kullum, ko da sau ɗaya ne a yini, an yafe masa, ba a ɗora masa wanke riga ko canza wando a kowace salla ba. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ce ya wanke wurin, ya tare shi da ƙyalle, ya yi alwala bayan shigar lokaci, ya yi salla ko da wani abu ya fito daga baya, har Hambaliyya suka halatta masa haɗa salloli biyu. Hatta limanci, Malikiyya karhanta shi suka yi ga mai wannan lalura in zai ja masu lafiya, ba su ce sallar ta ɓaci ba. Bilhasali babu mazhaba guda da ta sauke masa salla, babu kuma wadda ta ce shi kansa ya zama najasa ko ta kore shi daga masallaci, matuƙar ya tare jikinsa yadda ba zai ɓata wurin ba. Bayanin kowane hali daki-daki sai a koma ga malamai, domin akwai bambanci tsakanin mai lalura ta gaskiya da mai wasiwasi wanda yake jin kamar wani abu ya fito alhali babu komai.

Akwai kuma labarin da ya kamata kowane saurayi ya haddace don ya kai wa tsohon gidansu. Zaidu bin Sabit (RA), marubucin wahayi, wanda Halifa Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani, masanin rabon gado a cikin Sahabbai, da ya tsufa wannan lalura ta same shi. Ɗansa Harija, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihun Madina guda 7, shi ya ba da labarin, kuma yana nan a littattafan hadisi irin su Musannaf na Abdurrazak: ya kasance yana neman magani iyakar iyawarsa, in abin ya rinjaye shi sai ya yi alwala ya yi sallarsa. A lura da abu biyu a nan. Ya nemi magani, bai ce tsufa ne ya naɗe hannu ba. Kuma ɗansa ya san halin da yake ciki, har ya mayar da shi ilimi ga al'umma, bai ɗauke shi abin kunyar da za a binne ba.

Duk abin da aka faɗa a kan maza, na mata ya ninka, domin lalurar ta fi yawa a cikinsu. Uwar da ta haifi 'ya'ya 9 ko 10, tsokar da ke riƙe mafitsararta ta saki, ga kuma canjin da jiki ke yi bayan ɗaukewar al'ada. Da an ce yoyon fitsari hankalin jama'a yakan tafi ne ga 'yan matan da doguwar naƙuda ta huda wa mafitsara, irin waɗanda ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga a Katsina. Wannan ciwo ne daban. Na tsohuwa sau da yawa babu wata huda, rauni ne na tsoka ko gaggawar mafitsara, amma saboda sunan ya riga ya zama tabo sai ta gwammace ta mutu da shi a ciki. Ta daina zuwa biki da suna, ta bar makarantar Islamiyyar da ta shiga da tsufanta don ta gyara Fatiha, ta daina ɗaukar jikoki a cinya. Ita kuma tana da abin tsoron da namiji ba shi da shi, wato bakin kishiya da na matar ɗa. Magana ɗaya da suruka za ta yar a tsakar gida a kan warin ɗakin Hajiya ta isa ta hana baiwar Allah fitowa rana har ƙarshen rayuwarta. Ɗan uwan da yake da aure ya sani, wannan tarbiyya a wuyansa take.

Sai maganar magani. Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne cewa wannan tsufa ne kawai, babu abin yi. Tsufa yana ƙara haɗarin, amma kusan kullum akwai dalili a ƙarƙashi, kuma da yawa daga dalilan ana maganinsu ko a rage su. A wajen maza babban mai laifi shi ne wata ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsara, zagaye da hanyar fitsari, wadda likitoci ke kira furostet. Takan girma da shekaru, har kusan rabin mazan da suka kai 60 tasu ta kumbura. Sai ta matse hanya, mafitsara ta kasa juyewa gaba ɗaya, ragowar ta riƙa ɗiga. Akwai ƙwayoyin sha, akwai aiki. Ciwon suga da ba a kula da shi ba yana kawo yawan fitsari, yana kuma lalata jijiyoyin mafitsara. Ƙwayar cuta a mafitsara tana kawowa, kuma maganin 'yan kwanaki yakan kawar da ita. Taurin bayan gida yana kawowa. Shayi mai kauri da kofi da goro, abokin hirar tsofaffi, duk suna ɗauke da sinadarin da ke zaburar da mafitsara. In maganin hawan jini ne, likita na iya canza shi ko ya canza lokacin sha. Akwai kuma motsa tsokar ƙasan mara, wanda wani likita Ba'amurke mai suna Arnold Kegel ya bayyana a 1948, a matse kamar mai riƙe fitsari a saki, sau da dama a yini. Ba ya cin ko kwabo, kuma yana taimakon mata da yawa, har da maza. In kuwa aka ga jini a fitsari, ko zazzaɓi, ko fitsarin ya tsaya cik mara ta kumbura, wannan ba na jira ba ne, a kama hanyar asibiti a ranar. A Kano akwai asibitin mafitsara na Abubakar Imam, asibitocin koyarwa na Kano da Shika da Sakkwato su ma suna da likitocin wannan fanni. Abin takaici, kafin tsoho ya kai can ya riga ya ƙarar da 'yan kuɗinsa a wurin masu shimfiɗa ƙulle-ƙulle a ƙofar masallacin Juma'a, waɗanda kowane ciwo a wurinsu sanyi ne, ko kuma wani ya ce masa jifa aka yi.

To ta ina saurayi zai shiga, alhali tsakanin uba da ɗa akwai kunya, ballantana ɗan fari da ko sunansa ba a kama wa? Ba a cewa a tare Baba a tambaye shi kai tsaye, wannan ƙarin wulaƙanci ne. Hanyoyi suna da yawa ga mai hankali. Ana iya zuwa ta wurin amininsa ko limamin unguwa, sa'ansa wanda zai iya faɗa masa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ana iya roƙon malamin da ke karatu tsakanin Magariba da Isha ya karanta babin salas a fili, ga kowa da kowa, ba tare da an nuna kowa ba. Wanda abin ya shafa zai ɗauki nasa. Ana iya cewa, "Baba, an daɗe ba a auna suga da jini ba, bari in raka ka ranar Litinin," in an shiga wurin likita kuma ɗan ya fito ya ba su wuri, bayan ya riga ya rada wa likitan abin da ya lura da shi. Ana iya ajiye bokiti mai murfi da buta da tocila a ɗakinsa, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, a kawo ƙunzugun manya da ake sayarwa a kemis a ajiye inda zai gani, ba tare da an ce uffan ba. Ƙunzugun yana da tsada, gaskiya ne, amma samarin da ke iya haɗa kuɗin mota don zuwa taro a wata jiha za su iya haɗa wannan. Wankin kuma ɗa namiji ya karɓa da hannunsa, kada a bar wa ƙananan yara masu kai labari waje. Jikoki su ma a ja musu kunne: wasan jika da kaka al'ada ce mai daɗi, amma ba ya shiga nan. Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i da suka hana nuna wa iyaye ko da ƙosawa sun ambaci lokacin tsufa ne musamman, kuma yamutsa fuska a bakin ƙofar ɗaki yana isar da abin da baki bai furta ba.

Kwamitocin masallatai ma suna da nasu kason. Masallaci nawa ne aka kashe miliyoyi a kan hasumiya da tayil, amma banɗakinsa yana can bayan layi, babu fitila, babu abin dafawa, a kulle da kwaɗo lokacin Asuba, makullin yana aljihun wanda bai iso ba? Gyara wannan bai kai kuɗin fanka 10 ba. In kuma ƙaddara ta faɗa wa wani dattijo a cikin sahu, hukuncin yana nan a hadisin balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallacin Madina, shi da ma lafiyarsa ƙalau: Sahabbai suka taso masa, Manzon Allah (SAW) ya hana su, ya sa aka bar shi ya gama, aka zuba guga na ruwa a wurin, sannan ya kira shi ya yi masa bayani cikin taushi. Kafet ɗin yau ma da ruwa ake wanke shi. Wanda yake kusa ya yafa wa tsohon babbar rigarsa ko rawaninsa, ya raka shi gida ta ƙofar gefe, wani ya ɗauko bokiti bayan jama'a sun watse, ladan kuma ba ya buƙatar ɗaukar lasifika ya yi sanarwa a kai bayan an sallame.